Sunan Da Na Raɗa Wa Sabon Waifai Ɗinmu

Ku da kuka cika min waya da saƙo, "Yerim, yaushe ne bikin? Yerim, wace riga kika zaɓa?" to ku gyara zama, yau ba zancen riga na zo da shi ba. Idan kun ga kuskure a rubutun nan ku yi haƙuri da ni.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: mu biyu ne a gidanmu, ni da Omma mahaifiyata, a lamba 302 na wani tsohon bene mai hawa huɗu a birnin Daegu na Koriya ta Kudu. Babana ya rasu ina sakandare. Omma tana da ɗan shago a bakin kasuwa inda take sayar da kimchi, wato kabejin da ake tsimawa da yaji, da sauran abin cin shinkafa, ni kuma ina aiki a wurin wani likitan haƙori. Wanda zan aura sunansa Tak Gyuwon, ma'aikacin gwamnati ne, kuma wannan kaɗai ya ishe shi shiga ran Omma. "Albashi ba ya yankewa, fansho yana jira, me kuma kike nema?" Iyaye ba su ko zauna ba ta fara kiransa Tak-sobang, sunan da sai an yi biki ake kiran suruki da shi. Duk lokacin sanyin bara tana zaune a shago tana saƙa masa koriyar rigar sanyi mai maɓallan katako. Sati biyu ya sa ta, ya zo kamar zai yi kuka ya ce ya manta ta a jirgin ƙasa. Omma ta ce ba komai, za ta saƙa wata.

Ba zan ɓoye muku ba, da farko don Omma na kula shi. Amma mutum ya riƙa tsayuwa a ƙofar wurin aikinki cikin sanyi da gasasshen dankali a aljihunsa don kada ya huce, ai dole zuciya ta yi laushi. Na so shi, so na gaske, har na daina jin kunyar kiransa Oppa, sunan da budurwa take kiran saurayinta da shi, a gaban mutane.

To, Omma tana da wata al'ada. Duk sanda yarjejeniyarmu ta shekara uku da kamfanin intanet ta ƙare, ranar sallarta ce. Za ta haɗa shayi, ta sa tabarau, ta kira su ta ce za ta tafi. Su roƙe ta, ta ja aji, su ƙara mata kyauta, ta ce za ta yi tunani. Bana kuwa da gaske ta tafi, saboda wani sabon kamfani ya ce in dai akwai takardar kama zauren biki, za su haɗa layin ango da namu a tsarin iyali tun kafin aure, kowa ya samu ragi.

"Kin gani?" in ji Omma. "Har kamfani ya san ɗan gida ne."

"Omma, aure za a yi ko ragi ake nema?"

"Duka biyun. Tashi ki goge bayan talabijin, kada mai haɗawa ya zo ya ga ƙura ya ce ƙazamai ne."

Ranar Asabar da hantsi Gyuwon ya iso da kwalin tuffa, cikin baƙar kwat da farar riga, gashi a kwance kamar mai zuwa neman aiki. Ni ina cikin doguwar rigata mai ruwan ƙasa, har da ɗan jan baki, don na san bayan an gama za mu je duba zobe. Omma ta riga ta ɗora taliya, ta kuma cika wata roba da sabon kimchi ta ajiye a kan tebur.

"Wannan na Nari ne," ta ce. "In an gama ki miƙa mata. Yarinyar nan ba ta cin abinci, duk ta rame."

Nari ƙawata ce tun firamare. Lokacin da ta rabu da saurayinta ta rasa wurin zama, ni na yi ta bin mai benenmu har ya ba ta lamba 402, daidai saman kanmu. Silin ɗinmu ba shi da kauri, na san takunta, na san ƙarar kujerarta, na san lokacin da farar kyanwarta Dubu take dirowa daga kan firji. Ita na zaɓa ta karɓi furen amarya a hannuna ranar biki. Shi kuwa Gyuwon ba ya ko son a ambace ta. Wai ta cika surutu, wai gashin kyanwa yana sa shi atishawa har numfashinsa ya sarƙe. Ko sau ɗaya bai taɓa yarda ya raka ni hawa na huɗu ba. Ita ma in na kawo zancensa sai ta taɓe baki ta ce, "Wannan Oppan naki mai kama da sandar sharar ofis?" Har damuwa nake yi, ina tunanin yadda zan shirya su.

Mai haɗawa ya zo, wani dattijo mai rigar kamfani, ya cire takalmi ya jera a bakin ƙofa, ya durƙusa bayan talabijin. Gyuwon yana zaune kusa da Omma yana nuna mata bidiyon zauren bikin a wayarsa, fitilu suna sauka, ana watsa furanni.

"Ranki ya daɗe, zan cire tsohon akwatin intanet ɗin," in ji dattijon. "Komai zai ɗauke na ɗan lokaci."

Ya zare wayar akwatin. Talabijin ya yi baƙi, alamar waifai, wato Wi-Fi, ta ɓace a wayata. Amma bidiyon da ke hannun Gyuwon ya ci gaba da tafiya abinsa, amarya tana taku, kiɗa yana tashi.

"Af, naka bai tsaya ba?" in ji Omma.

"Ai ya riga ya sauka, Omonim," in ji shi, yadda suruki yake kiran uwar matarsa.

Sai wayar ta yi ƙara, saƙo ya shigo. Ya kife ta a cinyarsa.

Na yi dariya na ce, "Oppa ya kunna data? Lallai yau za a yi ruwa da ƙanƙara."

Ku fahimce ni, Gyuwon mutum ne mai tsimi na ƙin ƙari. Tsarin waya mafi arha yake kai, datarsa kullum a kashe. Duk gidan abincin da muka shiga, kafin ya duba abin da za mu ci sai ya gama laluben lambar waifai a bango. Na sha tsokanarsa a kan haka. Shi ma dariyar ya yi, ya ce in bar shi ya ji da surukarsa, magana ta wuce.

Can dattijon ya ce sai an janye kabad ɗin takalma, don ta bayansa wayar intanet take shigowa. Kafin a rufe baki Gyuwon ya cire kwat, ya naɗe hannun riga. "Omonim, ki zauna, aikin maza ne." Omma ta kalle ni tana murmushi har kunne, wai in ga irin mijin da ta samo min. Ba a jima ba fitilun sabon akwatin suka kama.

"Ku gwada mu gani," in ji dattijon. "Lambar sirrin tana manne a ƙasan akwatin."

Na sa a wayar Omma, na sa a tawa. Daga bayan kabad Gyuwon ya ɗaga murya.

"Yerim-a, sa min a tawa ma, tana kan kujera. Kin san yadda ake buɗewa."

Na sani kuwa. Abin da ya sa na yarda da shi ke nan tun farko, bai taɓa ɓoye min waya ba. Ko yaushe na ɗauka tas take, babu wani saƙo da zai sa gabanki ya faɗi. Na buɗe, na shiga wurin waifai ina 'yar waƙata.

A can sama, inda ake nuna wanda waya take kai, an rubuta: Dubu402. An haɗa.

Data kuma a kashe take, kamar kullum.

Jama'a, na karanta sunan nan ya fi a ƙirga. Kunnuwana suka toshe, ina ganin bakin Omma yana motsi ban jin abin da take cewa. Waya ba ta hawa waifan mutum haka kawai, sai an taɓa sa mata lambar sirri. Duk zuwan da yake yi gidanmu namu take kamawa don shi ya fi ƙarfi. Yau da aka cire namu, sai ta koma inda ta saba.

Na fara nema masa hanya da kaina, kun san halin zuciya. Na ce ƙila ni na taɓa sa masa na manta. Sai na tuna watan jiya Nari ta sake lambarta, tun daga ranar wayata ta daina kamawa. Duk sanda na tambaye ta sai ta ce, "Wani ne ya saita min, doguwa ce, zan turo miki." Na ɗauki tawa wayar na taɓa Dubu402. Ta ce lambar sirri ba daidai ba. Ni da na samo mata gidan, ni da nake da makullinta na ko-ta-kwana, ba ni da lambar. Mai atishawa yana da ita.

Na rubuta mata: "Nari, an cire mana intanet, ba ni lambarki in ɗan yi amfani."

Nan take ta amsa: "Ayya ƙawata, na manta ta fa! Kuma ina waje, sai yamma zan dawo." Har da fuskoki masu kuka a ƙarshe.

Ban gama karantawa ba na ji an ja kujera a saman kaina. Sai takun silifas, daga kicin zuwa ɗaki, takun da ko a mafarki na ji zan gane.

Abubuwa suka riƙa dawo min ɗaya bayan ɗaya. Abin goge gashi daga jikin tufafi da kullum yake cikin motarsa, wai saboda ƙurar ofis. Safiyar da na fito na ga motarsa a layinmu, ya ce ya ɗan sha giya ne ya bar ta ya hau tasi, har na yaba masa hankali. Ashe ni ce sakarar da ake kwana a saman kanta tana ƙasa tana zaɓen kalar katin gayyata.

A falo Omma ta riga ta kira sabon kamfanin, wata mata ta ɗauka, ta sa ta a lasifika ta ajiye wayar kusa da robar kimchi.

"Tak-sobang, ina takardar zauren? Yarinyar nan tana jira."

"Tana aljihun kwat ɗina, Omonim."

"Oppa," na ce, "zo baranda ka taya ni sauke shanya."

Ya biyo ni yana karkaɗe hannu, na ja ƙofar gilashi. Na rantse muku, a lokacin ma so nake ya faɗi wani abu da zai sa in ji kunyar zarginsa.

"Ka taɓa hawa wurin Nari?"

"Ni? Da wannan kyanwar? So kike a kwashe ni zuwa asibiti?" Ya ja min kumatu yana dariya. "Me ya kawo wannan tambayar?"

Wannan dariyar ce ta fi komai ƙona min rai. Ko ƙiftawa bai yi ba. Na ɗaga wayarsa na sa masa a gaban ido.

Ya kalla, ya sake kallo. Jinin fuskarsa ya janye.

"Wannan... ai rannan ne ta tare ni a matakala, wai in duba mata akwatinta. A bakin ƙofa na tsaya."

"A bakin ƙofa."

"Eh mana."

"Ka saita mata lambar da ni ta hana ni, a bakin ƙofa, kana atishawa. Motarka kuma ta kwana a layinmu tana jiran ka gama."

Ya leƙa falo ta gilashi, ya rage murya.

"Yerim-a, kada Omonim ta ji. Don girman Allah. Bari a gama da mutumin nan, mu fita mu yi magana a mota."

"Tun yaushe?"

"Ba abin da kike tunani ba ne. Kuskure ne, kuma dama na yi niyyar kashe maganar kafin biki."

Kafin biki! Kun ji fa. Wato har lissafi ya yi, ya ware min ranar da zai zama nawa ni kaɗai, sauran kwanakin kuma na hawa na huɗu ne. Bai ce ki yafe min ba, bai ce ina son ki ba. Abin da ya dame shi kada Omma ta ji, kada iyayensa su ji, kada a ji a ofis. Wanda ya fi min ciwo ma ban san ko wane ne ba, shi ko ita. Shi shekara ɗaya na san shi. Ita kuwa tare muka koyi ɗaure igiyar takalmi.

Aka ƙwanƙwasa gilashin. Dattijon ne, da ƙaramar kwamfutarsa a hannu.

"Ranki ya daɗe, saura abu ɗaya. Wane suna za a sa wa waifan? Ko a bar na kamfani?"

A benenmu ba a faɗa baki da baki. Wanda ya ji haushin maƙwabcinsa, sunan waifansa yake sakewa. Na 201 ya shekara yana amsa sunan "301 a daina shan taba a baranda", na 301 kuma "Ba ni ba ne 201". Duk wanda ya buɗe wayarsa a benen nan sai ya gani, har masu shagon wanki na ƙasa. Ni da Nari mun sha kwanciya a gadonta muna karantawa muna dariya har da hawaye.

Na shigo falo na ce, "A sake. Rubuta: 402 sauko ki ɗauki saurayinki."

Dattijon ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau, ya kalli Gyuwon da ke tsaye a ƙofar baranda da safar Omma a hannu.

"Ranki ya daɗe... duk maƙwabta za su gani fa."

"Shi ya sa."

"Yerim-a!" in ji Gyuwon.

"Da tazara tsakanin kalmomin ko a haɗe?" in ji dattijon a hankali.

"Da tazara, yadda tsofaffi za su iya karantawa."

Ya buga. Ni kuma na rubuta wa Nari: "Ba sai kin nemo lambar ba, namu ya dawo. Duba sunansa."

Takun da ke sama ya tsaya cak.

Omma ta ɗauki wayata ta nisanta ta da idonta tana karantawa, leɓunanta suna motsi. Na zaci za ta rungume ni. Sai ta damƙi hannuna da ƙarfi.

"Kin haukace? Goge wannan abin yanzu! Matar 201 a kasuwarmu take sayayya, kafin yamma kowa ya ji. Wace irin magana ce wannan? Nari fa? Tak-sobang fa?"

"Omma, wayarsa tana kan waifan Nari. Lambar da ni ba ni da ita."

"To sai me? Waya ce, ba ta da hankali! A kan wannan za ki watsa aurenki, ki sa 'yan'uwan babanki su yi mana dariya? Tak-sobang, yi mata bayani mana."

"Rashin fahimta ce kawai, Omonim," in ji shi, har da sunkuyar da kai irin na yaron kirki.

Nan ne hawayen da nake riƙewa suka zubo. Na iya jure nasa, ina ƙoƙarin jure na Nari, amma uwata ta tsaya a gefensa a cikin falonmu, wannan ya fi ƙarfina. Daga kan tebur muryar matar kamfanin ta fito, siririya mai ladabi.

"Ranki ya daɗe, kina ji na? Lambar angon nake jira. Ina tunatar da ke yarjejeniyar ta shekara uku ce, layi uku za a haɗa ko?"

Omma ta buɗe baki za ta amsa. Sai muka ji an buɗe ƙofa a sama da ƙarfi, silifas suna sauko da matakala a guje. Ƙararrawarmu ta yi ƙara, ɗan allon da ke jikin bango ya kawo hoton wanda ke waje.

Nari ce, gashi a hargitse, ido jawur, waya a hannu. Ko sauri ne ya sa ta manta abin da ke jikinta, ko da gangan ta yi, har yanzu ban sani ba. Sanye take da koriyar rigar sanyi mai maɓallan katako, ta yi mata yawa, ta naɗe hannayen.

Omma ta saki hannuna. Ta matsa kusa da allon har hancinta ya kusa taɓa shi, ta gyara tabarau. Maɓalli na uku ya bambanta da sauran, don guda ɗaya ya ɓace mata a shago ta cike da wanda ta cire daga tsohuwar rigar Babana. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juyo ta kalli Gyuwon.

"Jirgin ƙasan naka a hawa na huɗu yake tsayawa, Tak Gyuwon?"

Rabon da ta kira shi da sunansa tun ranar da ya fara zuwa gidanmu.

"Ranki ya daɗe?" in ji matar kamfanin. "Layi nawa?"

"Biyu," in ji Omma. "Ni da 'yata."

Ta kashe wayar. Ta ɗauke robar kimchi daga kan tebur ta mayar cikin firji, ta goge hannunta a jikin zaninta. Ƙararrawa ta sake yin ƙara. Na yunƙura zan je, ta tare ni da hannu ɗaya.

"Zauna," ta ce. "Ni na saƙa rigar, ni zan karɓo ta."

Ta murɗa makullin.